Kafin Ka Biya Kuɗin Kwas Ɗin Koyon Gina Manhaja, Zo Mu Yi Lissafi

Ɗan'uwa, in kana yawan leƙa Facebook ko TikTok, da wuya a ce irin wannan tallar ba ta gifta ta gabanka ba: matashi zaune gaban laftof, yana cewa cikin 'yan watanni ya koyi gina manhajar intanet, yanzu dala yake ci daga ɗakinsa. A ƙasa kuma ga kwas na bidiyo, wai an yi ragi, ka hanzarta kafin lokaci ya ƙure. Kai kuma ga ka nan, ka gama hidimar ƙasa ko kana jiran gurbin karatu, aljihu ba nauyi, zuciya na raya maka cewa ga ƙofa ta buɗe. To, kafin kuɗin su bar asusunka, zo mu zauna mu yi lissafi.

Mu fara da hajar da ake sayarwa. Manhajar intanet ita ce wadda kake buɗewa a burauza ka gudanar da wani aiki, kamar shafin rajistar JAMB ko na bankinka. Gininta kashi biyu ne. Akwai abin da ido ke gani, wanda ake haɗawa da HTML, CSS da JavaScript: na farko shi ne ginshiƙi, na biyu fenti da ado, na uku shi ke sa maɓalli ya motsa in ka taɓa shi. Akwai kuma bayan fage, inda ake adana sunaye, lambobin sirri da lissafin kuɗi a rumbun bayanai. Manyan kwasa-kwasan suna alƙawarin ɗauko ka daga sifili su kai ka ga iya duka biyun, a bidiyo na awa 50 ko 60.

Su wa ke sayarwa? Udemy, wanda aka kafa a 2010, kasuwa ce kawai: duk mai ganin ya iya abu zai kafa rumfa ya baje kolinsa. Shi ya sa akwai tsaba a ciki, akwai kuma ƙaiƙayi. Coursera, wanda wasu malaman Jami'ar Stanford biyu suka buɗe a 2012, da jami'o'i da manyan kamfanoni yake aiki. Ka kuma sani cewa ragin nan na Udemy kusan kullum ana yin sa. In ya wuce ka yau, zai dawo. Kada agogon da ke ƙirga mintoci a kan talla ya sa ka yanke shawara cikin gaggawa.

Sai batun kuɗi. Kafin watan Yunin 2023, farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Ke nan kwas na dala 15 da a da bai kai naira 7,000 ba, ya koma sama da 22,000. Wannan fa kuɗin shiga ne kawai. Bidiyo na awa 60 data yake sha, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Ga laftof, don waya za ta nuna maka bidiyo amma ba za ta ishe ka aikin gaske ba. Ga wuta, ko kuɗin caji a shago. In ka haɗa duka, za ka ga kuɗin kwas ɗin shi ne ƙaramin.

Amma duk wannan ba shi ne babbar asarar da nake jiye maka ba. A 2019 wasu masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka suka fitar da nazari a mujallar Science kan kwasa-kwasan MIT da Harvard da ke dandalin edX. Sun gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kusan mutum 3 cikin 100 da suka shiga ne suka kai ƙarshe. Waɗanda suka biya kuɗin satifiket sun fi dagewa, amma su ma kusan rabinsu sun watsar a hanya. Sayen kwas yana da daɗi, don a ranar sai ka ji kamar ka riga ka fara zama gwani. Bayan sati uku, kwas yana nan a kashi 12 cikin 100, kai kuma kana duba tallar wani sabo.

Ko wanda ya kammala ɗin ma akwai tarkon da ke jiransa. Malami a bidiyo yana rubutawa, kai kana kwafa, komai na tafiya sumul, har ka ga manhaja ta tashi a allonka. Ranar da ka rufe bidiyon ka buɗe farin shafi, sai kai ya ɗaure, layi biyar ya gagara. Dalili kuwa a fili yake: malamin ya riga ya yi kurakuransa a ɓoye, ya gyara, ya yanke su daga bidiyon. Alhali aikin mai gina manhaja yawancinsa neman inda kuskure ya ɓuya ne. Ka dubi yaron tela. Shekara zai yi yana kallon maigidansa, amma sai ranar da ya hau keke, ya ɓata yadi, aka sa shi ya farke ya sake, sannan hannunsa ke faɗawa.

Kasuwar aikin ma ta sauya, kuma masu talla ba za su gaya maka ba. Kamfanin Andela, da aka kafa a Legas a 2014 don horar da sabbin masu rubuta manhaja, a Satumbar 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata kusan 400, yana cewa ƙwararru kasuwa ke nema. A Nuwambar 2022 Meta, uwar Facebook, ta rage ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya rage 12,000. A wannan Nuwambar ta 2022 ne kuma ChatGPT ya fito, kuma yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubuta ƙaramin shafi cikin daƙiƙoƙi. Wanda iyakar iyawarsa kwafar abin da aka nuna masa, na'ura ta riga ta fi shi sauri da araha. Wanda ake nema shi ne mai sauraron matsalar mutum, ya tsara mafita, ya gane inda na'urar ta yi shirme ya gyara. Satifiket ɗin kuwa, Udemy da kansa ya bayyana cewa shi ba makaranta ce mai rajistar ba da shaidar karatu ba. Mai ɗaukar aiki cewa zai yi: nuna min abin da ka gina.

To ke nan kada a saya? A'a, kwas mai kyau yana da amfaninsa. Yana jera maka darussa daki-daki, ya hana ka yawo daga wannan bidiyo zuwa wancan a YouTube. Sai dai a bi abin a tsare.

Ka fara da na kyauta. Akwai freeCodeCamp, wanda tun 2014 yake koyarwa ba tare da karɓar ko sisi ba, kuma yawancin darussansa rubutu ne da gwaji, ba su cin data sosai. Akwai The Odin Project, akwai CS50 na Jami'ar Harvard. A gida kuma akwai shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan 3. Ka ba kanka wata guda, awa biyu kullum. In ka ga kana iya zama kan kuskure ɗaya na tsawon awa ba ka jefar da laftof ba, to harkar ta karɓe ka.

Daga nan, in za ka saya, sayi guda ɗaya tak. Duba ranar da aka sabunta shi, don kayan aikin nan suna tsufa da wuri. Kalli darussan gwaji ka ji ko kana fahimtar Turancin malamin. Leƙa sashen tambayoyi ka ga ko ana amsa wa ɗalibai. Udemy na ba da kwana 30 na neman a mayar da kuɗi, bisa sharuɗɗansu, Coursera kuma na da tallafi a wasu kwasa-kwasan ga mai ƙaramin ƙarfi. Kwasa-kwasan sata da ake rabawa a Telegram kuwa ka bar su: haƙƙin wani ne, sau da yawa tsofaffi ne, wani lokacin har da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki.

Sannan ka kafa wa kanka doka: duk awa ɗaya ta kallo, awa biyu ta rubutu da bidiyo a rufe. Ka kuma nemi aikin gaske tun da wuri. Islamiyyar unguwarku har yanzu da biro ake haɗa sakamakon ɗalibai. Ƙungiyar adashen mahaifiyarka a littafi take lissafi. Mai shagon atamfa a Kantin Kwari hotunan kayansa a WhatsApp suke warwatse. Ɗauki ɗaya ka gina masa mafita, ko da kyauta ne, ka ɗora a GitHub. Ƙorafin da malamin Islamiyya zai yi maka ranar da sakamakon aji uku ya ƙi fitowa zai koya maka abin da babu shi a bidiyo. Ke ma 'yar'uwa, wannan sana'a ce da za ki iya yi daga ɗakinki, kuma ba a tambayar wa ya rubuta in dai manhaja na aiki. Ku haɗu ku biyu ko uku, kuna duba aikin juna duk sati, don mai tafiya shi kaɗai shi ke saurin gajiya.

In kuma ka riga ka sayi kwas yana nan kwance tun bara, kada ka sayi wani. Buɗe shi yau da dare, ka koma inda ka tsaya, ka kalli darasi ɗaya, ka rufe, ka gwada rubuta shi da kanka.