Amanar Mai Tambaya

Ranar 8 ga Nuwamba, 2020, Alex Trebek, mai gabatar da shirin kacici-kacici na talabijin mai suna Jeopardy!, ya rasu a Amurka yana da shekara 80, kwana goma bayan ɗaukar shirinsa na ƙarshe. Kuma ko da yake sana'arsa ba ta wuce tsayawa gaban mutum uku yana jarraba saninsu ba, a ganina ya cancanci a tsaya a yi nazarinsa, domin abin da ya riƙe shekara 36 amana ce wadda wasu suka riga suka ci tun kafin zuwansa.

Ga yadda al'amarin ya faru. A shekarun 1950 gasar kacici-kacici ta talabijin ta mamaye gidajen Amurka, har asiri ya tonu cewa masu shirya ta suna ba waɗanda suke so amsa a ɓoye. Charles Van Doren, malami a Jami'ar Kolumbiya, ya yi iƙirari da bakinsa gaban kwamitin majalisar dokoki a 1959 cewa shi ma an ba shi amsa, kuma a shekarar da ta biyo aka yi doka ta haramta wannan ha'inci. A cikin wannan hali na zargi Merv Griffin ya ƙago shirin Jeopardy! a 1964, inda aka juya ƙa'ida, mai gabatarwa ya faɗi amsa, ɗan takara ya kawo tambayar da ta dace da ita.

Trebek, wanda aka haifa a Sudbury ta ƙasar Kanada a 1940, ɗan wani mai dafa abinci da ya yi hijira daga Yukren, ya karanta falsafa a Jami'ar Ottawa, ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na ƙasarsa, sannan ya ƙaura Amurka a 1973, ya karɓi shirin a 1984. Ya gabatar da shi fiye da sau 8,000. Wasu sun zarge shi da girman kai, saboda yadda yake gyara lafazin mai amsa, ko yake yanke hukunci ba tare da sassauci ba. Amma ni ban yarda ba, domin duk wanda ya zauna gaban malami na ƙwarai ya san cewa tsananin da ba ya bambanta mutane shi ne adalci, kuma gyaran da ba a haɗa shi da wulakanci ba ai girmamawa ce ga ɗalibi. Abin da ya fi burge ni shi ne tawali'unsa, domin ya ƙi a kira shi tauraron shirin, yana ganin darajar ta 'yan takara ce. Lokacin da Ken Jennings ya ci gasar sau 74 a jere a 2004, ladabin da ya yi masa shi yake yi wa wanda ya faɗi a ranar farko.

A watan Maris na 2019 ya sanar da jama'a da kansa cewa ciwon daji ya kama shi, har ya kai mataki na huɗu, amma ya ci gaba da fitowa yana shan magani mai galabaitarwa, bai bar jinya ta rage masa kula da lafazi ko daidaiton hukunci ba. An nuna shirinsa na ƙarshe ranar 8 ga Janairu, 2021, kuma wanda ya fara tsayawa a gurbinsa bayan kwana uku shi ne Jennings ɗin nan da ya sha jarrabawa a hannunsa.