Jakar /tmp a Cikin RAM: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Kowace manhaja da ke aiki a kwamfuta tana zubar da ƙyallaye kamar tela. Wadda ke kwance dunƙulallen fayil sai ta fara baje shi a wani wuri, wadda ke girka sabon shiri ma tana barin tarkace a bayanta. A Linux, wurin zuba wannan tarkace shi ne jakar /tmp. Shekara da shekaru tana zaune a kan faifan ajiya, yanzu kuwa ana ta mayar da ita cikin RAM ta wata dabara mai suna tmpfs, wadda ta shigo Linux tun zubin 2.4 a 2001. A cikin nau'o'in Linux, Fedora ta ɗauki wannan tsari a fitowarta ta 18 cikin 2013. Debian, da aka sani da rashin gaggawa, sai a Agustan 2025 ta bi sahu da fitowarta ta 13.

Sauri ne ribar da aka fi tallatawa, kuma gaskiya ce, sai dai an ɗan zuzuta ta. Dama can Linux ba ya rugawa faifai da kowane rubutu. Yakan riƙe shi a RAM na kusan daƙiƙa 30 kafin ya sauke, fayil ɗin da aka goge kafin nan sau da yawa ko faifan bai taɓa ba. Inda bambancin ke fitowa fili shi ne ga manhajar da ke nacin sai an tabbatar mata rubutunta ya sauka kafin ta ci gaba. A tsohon faifai mai juyawa wannan jira ne na gaske, a tmpfs kuwa babu abin jira.

Ribar da ta fi burge ni ita ce tsawon ran ma'ajiya. Katin SD da filas suna da iyakar rubutu da gogewa da za su ɗauka kafin su gaji. Mai ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ke kwana tana aiki a kan kati ɗaya, ya san yadda ƙananan rubuce-rubucen da ba sa yankewa ke cinye katin a hankali kamar gara. Kwashe su zuwa RAM hutu ne ga katin. Ga kuma tsabta: da an kashe na'ura komai ya share kansa, ragowar takardar sirri da wata manhaja ta manta ba za ta kwana a faifai ba. Amma kada a saki jiki da wannan, domin idan RAM ta cika, tsarin yakan tura abin da ke cikin tmpfs zuwa ɓangaren musaya na faifai, wanda ake kira swap, sawun kuma ya zauna can.

To, RAM dai teburin tela ce, a kanta ake yanka. Duk ƙyallen da aka tara a kai ya rage wurin aiki. Gaskiya ne tmpfs ba ta kame wuri tun farko, gwargwadon abin da aka zuba mata take ci, amma bisa al'ada iyakarta rabin RAM ce. Ga mai gigabait 32 wannan ba abin damuwa ba ne. Ga mai kwamfutar hannu ta gwanjo mai gigabait 4, rufin gigabait 2 ne kacal. Ni kaina na sha: ina kwance wani fayil na bidiyo mai kusan gigabait 3, ana cikin tafiya sai kwamfuta ta ce wai babu wuri. Na duba faifai, ga fili fetal. Na ɗauki lokaci ina zargin fayil ɗin da lalacewa kafin na rubuta umarnin df -h /tmp na ga jakar ta cika maƙil. Kafin ma a kai ga haka na'urar ta fara jan ƙafa, linzami na tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Idan abin ya ƙazanta, Linux yakan zaɓi wata manhaja ya kashe don ya sami numfashi, kuma fayilolin da suka jawo matsin suna nan daram, tunda ba manhaja ba ne balle a kashe su.

Sai batun wuta. Inda ake ɗauke ta ba sallama, mai kwamfutar tebur da ba shi da batirin ko-ta-kwana zai rasa duk abin da ke /tmp nan take. A ƙa'ida bai kamata wannan ya dami kowa ba, tunda akwai /var/tmp da aka ware wa abin da ake so ya tsallake kashewa da kunnawa. Sai dai mutane da yawa, har da masu rubuta manhaja, sun saba mayar da /tmp rumbu.

Gyaran bai da wuya. Ana iya rage ko ƙara iyakar, ana iya nuna wa manhaja mai manyan fayiloli wata jaka ta hanyar TMPDIR, ana kuma iya rufe tsarin gaba ɗaya da umarnin systemctl mask tmp.mount. Na ƙarshen nan na yi wa tsohuwar kwamfutata. Wata ƙaramar kwamfutata da ke aiki a kan katin SD kuwa na bar mata tmpfs ɗinta, na dai ƙayyade mata megabait 256.