Kaduna Ba Vatican Ba Ce

'Yan uwa matasa, wasu a Sabon Tasha na cewa tunda jihohin Arewa 12 sun ɗauki Shari'a, me zai hana mu nemi mulkin Coci irin na Vatican? To, Vatican ko rabin murabba'in kilomita ba ta kai ba, kuma Fafaroma ba ya neman ƙuri'ar talaka. Mu kuwa, Katolika, ECWA, Baptist da Musulmi, kasuwa ɗaya muke ci. Cocin wa za a ɗora? Rikicin Fabrairun 2000 ya mayar da kogin Kaduna iyaka tsakanin maƙwabta, ya ishe mu darasi. Sashe na 10 na kundin tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar addini ɗaya. Bishop ya riƙe wa'azi, mu riƙe katin zaɓe, don shugaban da ya gaza mu iya sauke shi.