FILIN MATA: Kirsimeti Da 'Ya'yanmu Ƙanana

Ga hunturu ya shigo, an ba 'yan makaranta hutu, teloli kuwa sun daina barci saboda ɗinkin Kirsimeti. Maganata ta yau da uwaye Kirista ce, musamman na nan Rigasa, amma sauran ma su saurara, gama renon yaro duk iri ɗaya ne.

Ki kira ɗanki mai shekara biyar ki tambaye shi, mene ne Kirsimeti? Zai ce miki ranar sabuwar riga ce da shinkafa da kaza. Ba laifinsa ba ne, iyakar abin da aka nuna masa ke nan. Tun bayan rikicin shekarar 2000 Kirista da yawa suka ƙaura hayin kogi, wajen Sabon Tasha da Narayi da Kakuri, waɗanda suka rage a wannan gefe ba su da yawa. Saboda haka yaronki ba zai tsinci labarin haihuwar Yesu a bakin abokan wasansa ba. Makarantar Lahadi kuwa sau ɗaya ce a mako. Sauran kwana shida naki ne. In ba ki gaya masa ba, wa zai gaya masa? Ku tuna Manzo Bulus ya shaida cewa bangaskiyar Timoti daga wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta faro. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ba mu da hujjar cewa littafin ya fi ƙarfinmu. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Wadda ta iya karanta wannan jarida ta iya karanta shi.

To, ga yadda za ki yi. Ki zaɓi lokaci ɗaya kullum, bayan tuwon dare, sa'ad da yara suka kewaye murhu suna jin ɗumi. Kada ki wuce minti goma, domin hankalin ƙaramin yaro ba ya zama wuri ɗaya. Ki karanta wurin ke kaɗai da rana, da dare kuwa ki rufe littafin ki ba da labarin da bakinki, kamar yadda kike yi musu tatsuniya, amma ki gaya musu wannan ba tatsuniya ba ce. A makarantar horon malamai an koya mana a fara da abin da yaro ya sani, sa'an nan a kai shi ga abin da bai sani ba. Haka za ki yi.

Daren farko, zuwan mala'ika Jibra'ilu wurin Maryamu, yana cikin Luka sura 1. Dare na biyu, tafiyar Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami domin ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta, Luka sura 2. Yaranmu sun saba ganin cunkoson matafiya a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa tun da aka buɗe ta a 2016, kowa da kayansa zai je ganin gida. Ki ce musu haka garin ya cika har aka rasa masauki, amma su Maryamu ba jirgi ba mota, ga ta da tsohon ciki, tafiyar kuwa ta fi daga Kaduna zuwa Zariya nisa. Ki nuna musu abin da awakinki ke cin dusa a ciki, ki ce a irinsa aka kwantar da jaririn.

Dare na uku, makiyaya. Wane yaro ne bai taɓa ganin Bafillace da garkensa ba? Ki tambaye su, don me Allah ya fara aika albishir ga masu kwana a daji, bai fara da fadar sarki ba? Ki bar su su amsa da kansu, kada ki yi musu dariya. Dare na huɗu, masanan taurari daga gabas, Matta sura 2. Kyautarsu ce iri uku, zinariya da lubban da mur. Littafin bai faɗi yawan mutanen ba. Dare na biyar, gudun hijira zuwa Masar. Zancen kisan jarirai da Hirudus ya yi kuwa, a bar shi sai sun ƙara wayo, kada a tura yaro shimfiɗa da tsoro.

Ku 'yammata 'yan makaranta, ga aikinku na hutu. Ku samo yumɓu ku taya ƙannenku gina tumaki da raƙuma da jaki, kowane dare a ƙara ɗaya. Abin da hannun yaro ya taɓa ba ya mantawa.

Saura magana ɗaya. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa da uwarsa, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam. Ki koya wa yaronki ya san abin da ya gaskata, ya kuma kame bakinsa daga gardamar addini a waje. Ran Kirsimeti ki ba Musulmi ya yanka miki kazar domin kowa ya iya ci, ki zuba abinci a kwano mai tsabta, ki aiki yaran da kansu gidajen da suka aiko muku da nama ran Babbar Salla. Zumunta a ƙafa take, wannan aike ma darasi ne.

Kada kuma wata ta ci bashin anko ta shiga sabuwar shekara da ɓacin rai. Rigar bana baɗi ta yi wa yaro kaɗan, abin da kika zuba masa a zuciya kuwa da shi zai tsufa.

Allah ya raya mana su, ya kai mu ranar lafiya. Sai mako mai zuwa.