Kira ga hukuma kan ciwon sukarin masu juna biyu a Gololo

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Bauchi, da Shugaban Ƙaramar Hukumar Gamawa, da Mai Martaba Sarkin Gamawa, Allah ya ja zamanin Sarki.

Muna kawo kukan matan Gololo da ƙauyukanta kan ciwon sukarin da ke tasowa lokacin goyon ciki.

Ciwon nan yana bin jini. Matar da uwarta, ko ubanta, ko 'yar'uwarta ke da sukari ta fi sauran mata kusa da shi, kuma masana sun gano ƙwayoyin gado irin su TCF7L2 da MTNR1B masu raunana fitar sinadarin insulin. Ba gwajin gado muke roƙo ba, wannan ya fi ƙarfinmu. Inda auren zumunci ya yawaita, tambaya ɗaya tana tona abu mai yawa: "Akwai mai sukari a gidanku?" Amma ranar awo layi ya yi tsawo, a auna jini, a hau sikeli, a shafa ciki, tambayar ta bi ruwa. Ranka ya daɗe Kwamishina, a rubuta ta a katin awo, ta zama dole.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta fayyace gwajin: mace ta zo da safe ba ta karya ba, a ba ta giram 75 na gulukos, a auna jininta. Ana yin sa tsakanin mako 24 da 28. Gwajin fitsari kaɗai yana barin masu ciwon su wuce. Mai ciki wata shida ta shiga mota zuwa Azare don gwajin da yunwa, sannan mijinta ya nemo kuɗin zuwa da dawowa? Kaɗan ne za su je. Mai girma Shugaba, na'urar auna sukari da tsinkenta ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Allah ya taimaki Sarki, idan aka haifi jariri mai fiye da kilo 4, guɗa ake yi, alhali sau da yawa alamar sukari ce, kuma irinsa ne kafaɗarsa ke maƙalewa wajen haihuwa. Uwar kuma, ko ciwon ya lafa, yana iya dawo mata bayan shekaru. Muna roƙon a umarci hakimai da dagatai da limamai su faɗa wa magidanta: in mai jego ta yi arba'in, kafin komai a kai ta a sake auna jininta.