HAKKIN TSOFAFFIN SOJAN RUWA DA ƘURA TA CUTAR

Zuwa ga Edita.

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni, in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna bayanin wani al'amari na tsofaffin sojan ruwa na Ingila da Amurka.

Akwai wani ma'adini da Turawa ke kira asbesto, yana da zare kamar auduga, wuta ba ta cin sa. Saboda haka, tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu har wajen 1970, da shi ake naɗe tukwanen jiragen yaƙi da bututun tururi. Har bawul, watau makullin da ke buɗe wa tururi hanya ko ya tsare shi, da asbesto ake cushe wuyansa da bakinsa don kada ya yi yoyo. In bawul ya fara tsiyaya, sai sojan da ke aikin inji ya kwance shi, ya ƙwaƙule busasshen asbesto, ya kankare da burushin ƙarfe. Ƙura ta tashi can ƙarƙashin jirgi inda iska ba ta gudu, shi kuwa yana ta shaƙa.

Illar ƙurar nan ba ta bayyana sai bayan shekara 20, wani lokaci har 50. Takan taurara huhu har numfashi ya gagara. Takan kuma kawo sankara a tantanin da ke lulluɓe da huhu, wadda likitoci ke kira mesotiliyoma, yawancin waɗanda ta kama kuwa ba su wuce shekara ɗaya ko biyu. Ba kuma za a ce ba a sani ba, gama tun 1930 aka kai wa Gwamnatin Ingila rahoton ɓarnar ƙurar, a 1931 aka kafa wa masana'antu doka a kanta.

To, wa zai biya? A Ingila, dokar 1947 ta hana soja kai ƙarar Gwamnati. An ɗage hanin a 1987, amma ban da abin da ya auku kafin nan. Ma'aikacin tashar jirgi farar hula yana iya samun diyya ta kotu, sojan da ya shaƙi ƙura ɗaya da shi sai fensho kaɗan kaɗan. Ina amfanin biya kaɗan kaɗan ga wanda shekara guda ta rage masa? Ƙungiyar tsofaffin soja, Royal British Legion, ta yi ta kuka, har a Disamba 2015 Gwamnati ta yarda a riƙa ba mai sankarar nan fam 140,000 gaba ɗaya in ya so, aka fara biya a Afrilu 2016.

A Amurka ma, a 1950 babbar kotu ta hana soja ƙarar Gwamnati kan raunin da ya samu a bakin aiki. Ma'aikatar tsofaffin soja ce ke biyansa wata wata, amma sai an tabbatar da abu uku: cewa yana da ciwon, cewa ya taɓa asbesto yana soja, da shaidar likita cewa wannan ne ya jawo wancan.

A ganina, bai kamata a ɗora wa majinyaci wahalar neman shaida ba. Littattafan jirgi suna hannun hukuma, ita ta san wanda ta tura ɗakin inji. In sunan mutum yana ciki, ciwon kuma ya tabbata, a biya shi tun yana da rai. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ku kuma akawuna, ku dubi girman amanar da ke hannunku. Layi ɗaya da akawu ya rubuta daidai, cewa wane ya yi aikin inji a jirgi kaza, shi ne zai ciyar da iyalinsa bayan shekara arba'in. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.

Wassalam.

Naka,
Mai Neman Gaskiya