Ashe Duk Wanda Ya Ce A'a Ɗan Adawa Ne?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai manazarta harshe, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a fassararmu, wato duk inda muka ci karo da kalmar Ingilishi mai nuna rashin goyon baya, sai mu maƙala mata "adawa" mu wuce. A ganina wannan ragon azanci ne, kuma yana da illa.

Bature bai tara ƙin yarda a kwando ɗaya ba. Kalmar "object" ƙin amincewa ce da wani batu guda. "Dissent" kuwa saɓa wa ra'ayin mafi rinjaye ne daga cikin gida. Alal misali, a Disambar 2008 alƙalai 3 cikin 7 na Kotun Ƙoli, ciki har da Mai Shari'a Aloma Mukhtar, sun saɓa wa hukuncin da ya tabbatar da zaɓen Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Shin za mu kira su 'yan adawa? Ko kusa. Saɓani suka yi da abokan aikinsu, harshe da haƙori ma suna saɓawa.

"Boycott" asalinsa sunan mutum ne, Charles Boycott, wakilin wani mai filaye a ƙasar Ayalan, wanda jama'a suka daina hulɗa da shi a 1880. Hausa ta ce ƙauracewa, kamar yadda ƙawancen UPGA, wanda NEPU ke ciki, ya ƙaurace wa zaɓen tarayya na Disambar 1964. "Veto" daga Latin take, ma'anarta "na hana", ikon da ƙasashe 5 ke da shi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Nan mafassaran rediyo suka yi bajinta da suka ce hawa kujerar na-ƙi, domin ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya ji ya gane.

Babbar matsalar tana ga "opposition". Kalmar adawa daga Larabci aka aro ta, kuma a can ma'anarta gaba da ƙiyayya. A majalisar Ingila kuwa, tun 1826 aka fara laƙaba wa jam'iyyar da ba ta mulki sunan Sarki, don a nuna cewa sukar gwamnati ba cin amanar ƙasa ba ne. Ni ɗan Dapchi ne, da Barbarci na buɗe baki, Hausa a kasuwa da makaranta na koye ta, shi ya sa nake auna nauyin kalma kafin in ɗauka. Mu a Yobe mun san wannan kujera sarai, domin daga 1999 zuwa 2015 jiharmu ba ta taɓa zama a jam'iyya ɗaya da mai mulki a Abuja ba. Shin mutanen Nguru da Gashuwa maƙiyan Nijeriya ne tsawon shekara 16? Tun a 1979 Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya ba da amsa da takensa na siyasa ba da gaba ba.

Wani zai ce ai kalma takan sauya ma'ana bayan aro, kuma yau mai cewa jam'iyyar adawa ba gaba yake nufi ba. Gaskiya ne. Sai dai har gobe idan aka ce wane yana adawa da wane, ƙullin zuciya ake fahimta. Tunda muna da hamayya, wadda ke nuna takara tsakanin masu neman abu ɗaya, me ya hana mu fifita ta? Bahaushe ma abokin hamayya yake cewa, bai cire abota ba.

Daga ƙarshe, ina kira gare mu, mu da gobe za mu riƙe ɗakunan labarai da azuzuwa, mu bambanta suka da jayayya, saɓani da tawaye, hamayya da gaba. Magana zarar bunu ce, kuma matashin da aka koya wa cewa ɗan wata jam'iyya maƙiyinsa ne, ba da ƙuri'a kaɗai zai fito ranar zaɓe ba.